Jorge Campos: Gajeren Golan Meziko Da Ya Tsare Gida Ya Kuma Ci Ƙwallo

Duk wanda ya saba zama a teburin mai shayi ko a gidan kallon ƙwallo bayan an tashi daga kasuwa, ya san cewa akwai wani musu da ba ya ƙarewa a tsakanin masu sha'awar tamaula, wato musun ko gajeren mutum zai iya tsaron gida. Mafi yawan jama'a sukan ce ba zai iya ba, kuma hujjarsu tana da ƙarfi, domin faɗin raga mita 7.32 ne, tsawonta kuwa mita 2.44, ga shi manyan ƙungiyoyin Turai ba su cika kallon golan da bai kai mita 1.85 ba. To amma mu da muka kalli gasar cin kofin duniya ta 1994 da ta 1998, duk lokacin da wannan musu ya taso sai mu tuna da wani ɗan ƙasar Meziko wanda tsawonsa bai wuce mita 1.70 ba, amma ya tsare wa ƙasarsa gida a wasanni kusan 130, ya kuma ci ƙwallaye sama da 30 a ƙungiyoyin da ya yi wa wasa. Sunansa Jorge Campos, a bakin mutanen ƙasarsu kuwa Horhe Kampos ake faɗa. Shi ne za mu kawo wa masu karatu tarihinsa a wannan fili.

Yaron bakin teku

An haifi Campos a ranar 15 ga watan Oktoba na 1966 a Akapulko, wani birni da ke bakin tekun Fasifik a jihar Guerrero, wanda ya yi suna wajen karɓar masu yawon buɗe ido. A can ya tashi yana buga ƙwallo a kan rairayi, yana kuma hawan igiyar ruwa da allon nan da samarin bakin teku suke tsayawa a kansa. Wanda ya taɓa gudu a cikin yashi ya san yadda yake ƙarfafa ƙafa, kuma wanda ya saba faɗuwa a kansa ba ya tsoron shillo don ya cafke ƙwallo. Waɗannan abubuwa biyu, tsalle da rashin tsoro, su ne jarin da ya tafi da su babban birnin ƙasar.

A 1988 ya shiga babbar tawagar Pumas, wato ƙungiyar babbar jami'ar ƙasar Meziko, wadda ita ce ta fito da shahararren ɗan wasan nan Hugo Sánchez da ya yi tashe a Real Madrid. Sai dai ya tarar da gurbin a cike, domin akwai wani gola mai suna Adolfo Ríos wanda shi ne na ɗaya, kuma babu alamar za a ɗaga shi saboda wani sabon yaro.

A nan ne Campos ya yi abin da kowane ɗan kasuwa zai gane. Idan ka zo da haja ka tarar wani ya riga ka kama rumfa, ko dai ka zauna kana ƙorafi, ko ka duba abin da kasuwar take nema ka kawo. Maimakon ya dawwama a benci, sai ya nemi mai horaswa, Miguel Mejía Barón, da ya gwada shi a gaba. Aka gwada shi, kuma a kakar wasa ta 1989 zuwa 1990 wannan gola na biyu ya zura ƙwallaye 14 a raga, adadin da 'yan gaba da yawa da ake biya domin wannan aikin ba su kai ba.

Da Ríos ya bar ƙungiyar, sai Campos ya koma gurbinsa na asali, kuma a kakar farko da ya riƙe gida, wato ta 1990 zuwa 1991, Pumas ta ɗauki kofin ƙasar. A wasan ƙarshe ta haɗu da babbar abokiyar gabarta América, wadda ta ci wasan farko 3 da 2. A wasa na biyu Pumas ta ci 1 da nema ta hanyar bugun tazara da Ricardo Ferretti ya yi, Campos ya hana ƙwallo shiga ragarsa, ƙungiyar ta yi nasara saboda ƙwallayen da ta ci a waje.

Da kiɗa ya canza

Kafin mu ci gaba, ya kamata mu tuna wa masu karatu halin da ƙwallon Meziko da na duniya suke ciki a lokacin. Ƙasar ba ta je gasar cin kofin duniya ta 1990 ba, domin hukumar FIFA ta dakatar da ita na shekara biyu bayan an kama ta da laifin rage shekarun wasu 'yan wasa a gasar matasa ta 1988, laifin da mu a Afirka ba baƙonmu ba ne. Saboda haka ana neman sabbin fuskoki da za su wanke sunan ƙasar. A 1991, a zamanin mai horaswa César Luis Menotti ɗan Ajantina, aka fara kiran Campos tawagar ƙasa.

A ɓangaren duniya kuwa, gasar 1990 da aka yi a Italiya ta gundiri 'yan kallo, domin ƙwallayen da aka ci ba su wuce 2.21 a kowane wasa ba idan aka yi lissafi, wanda shi ne mafi ƙaranci a tarihin gasar. 'Yan baya sun mai da mayar wa gola ƙwallo wata hanyar cinye lokaci: a tura masa, ya ɗauka da hannu, ya tura, a sake mayar masa. A 1992 aka kafa doka cewa idan ɗan wasa ya tura wa golansa ƙwallo da ƙafa da gangan, to ba shi da ikon ɗauka da hannu. Wannan doka ta tona asirin manyan gololi da dama, waɗanda aka gano cewa ƙafarsu ba ta san komai ba sai dogon bugu. Shi kuwa Campos abin nema ne ya samu, tunda ya riga ya yi kaka guda yana wasa a gaba. Yakan fito har wajen yadi 18 ya tari ƙwallo, ya yanke ɗan gaban abokan hamayya, ya raba wa 'yan wasansa kamar ɗan tsakiya.

Dabarar da yake rufe rashin tsawonsa da ita a fili take. Golan da ya tsaya a kan layi ya bar wa mai bugu raga gaba ɗaya, amma duk takun da ya yi zuwa gaba yana rage wa mai bugun wurin da zai saka ƙwallo. Campos yakan fito da wuri, da gudu, kafin ɗan gaba ya gama shawara. Sai dai tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka: wanda ya fito da nisa ana iya ɗaga masa ƙwallo ta sama, kuma ƙwallon kwana da ake jefowa cikin cunkoson dogayen mutane ta kasance wurin da masu sukarsa suke nunawa har ya daina wasa.

Shekarar 1993 ce ta fito da shi duniya. A karon farko an gayyaci Meziko gasar Copa América ta ƙasashen Kudancin Amurka, wadda aka yi a Ekwado, kuma baƙuwar ta kai har wasan ƙarshe, inda Ajantina ta ci ta 2 da 1 da ƙwallaye biyu na Gabriel Batistuta. Bayan makonni uku Meziko ta lallasa Amurka 4 da nema ta ɗauki kofin Gold Cup na yankinsu. A ƙarshen shekarar, ƙungiyar nan ta masu tattara tarihi da alƙaluman ƙwallo, IFFHS, ta sanya Campos a matsayi na uku a cikin gololin duniya, bayan Peter Schmeichel na Denmak da Sergio Goycochea na Ajantina.

Rigar da ta fi atamfa launi

Ko wanda ya manta sunansa bai manta rigarsa ba. Dokar ƙwallo ta ce dole gola ya sa launin da ya bambanta shi da sauran 'yan wasa da alƙalin wasa, amma ba ta ce wane launi ba. Yawancin gololi sukan sa kore ko baƙi ko ruwan toka su huta. Campos kuwa sai ya haɗa ruwan hoda da rawaya da kore shar da ruwan lemo da shuɗi a riga guda, da zane-zanen dara da na walƙiya, irin launukan da samarin bakin tekun garinsu suke sawa. Da hannunsa ake tsara rigunan, wani ƙaramin kamfani mai suna Aca Sport yake ɗinka masa, kuma yakan sa su burum-burum, hannu har gwiwar hannu, wando har gwiwa. Masu sharhi da yawa suna ganin cewa girman rigar da hasken launinta suna sa ɗan gaba ya ga kamar mutumin ya fi yadda yake cika raga.

Masu sayar da yadi da atamfa a cikinmu sun san darajar zanen da ake hangowa daga nesa. Wannan riga ita ta sa manyan kamfanoni suka neme shi. A 1996 kamfanin Nike ya sa shi a wata shahararriyar talla tare da Eric Cantona da Ronaldo da Paolo Maldini da Luís Figo, wadda aka ɗauka a tsohon dandalin Rumawa da ke El Jem a ƙasar Tunisiya. Har yau masu tara tsofaffin rigunan ƙwallo suna neman rigunan wancan zamani ido rufe, don haka 'yan uwanmu masu buɗe dilar gwanjo sai su riƙa dubawa da kyau kafin su zuba tsohuwar rigar ƙwallo a tarin na arha.

Rana ɗaya da Najeriya

A gasar cin kofin duniya ta 1994 da aka yi a Amurka, Meziko ta faɗa rukuni mai wuya tare da Italiya da Ailan da Nowe. Nowe ta ci ta 1 da nema, ita ta ci Ailan 2 da 1, ta yi kunnen doki 1 da 1 da Italiya. Ƙasashen huɗu duk suka ƙare da maki huɗu-huɗu, amma Meziko ta zo ta ɗaya saboda ta fi su yawan ƙwallaye.

Ranar 5 ga watan Yuli, ranar da Roberto Baggio ya karya zukatan magoya bayan Najeriya da ƙwallayensa biyu, ita ce ranar da Meziko ta kara da Bulgeriya, wato Bulgeriyar da Najeriya ta ci 3 da nema a wasan farko. Hristo Stoichkov ya fara ci, Alberto García Aspe ya rama da fanareti, aka tashi 1 da 1 har bayan ƙarin lokaci. A bugun daga kai sai mai tsaron gida Campos ya yi nasa, domin ya tare bugun Krasimir Balakov, amma 'yan wasan Meziko uku na farko duk suka ɓarar da nasu, aka fitar da su da ci 3 da 1. Wannan faɗuwa ita ce farkon wata ƙaddara da ta bi ƙasar: sau bakwai a jere, daga 1994 zuwa 2018, tana fitowa daga rukuni, tana tsayawa a zagaye na biyu.

Bai daɗe ba ya haɗu da 'yan Afirka ido da ido. A watan Janairu na 1995 yana cikin tawagar Meziko da ta je Riyad a gasar kofin Sarki Fahad, inda ta yi 1 da 1 da Najeriya a wasan neman na uku, ta yi nasara a bugun fanareti. A wasannin Olamfik na Atlanta a 1996 kuwa, yana cikin manya uku da doka ta yarda a ƙara wa tawagar matasa. Meziko ta yi 1 da 1 da Ghana a rukuni, sannan ta haɗu da Najeriya a zagayen 'yan takwas, inda Jay-Jay Okocha da Celestine Babayaro, haifaffen Kaduna, suka ci ta 2 da nema. Daga nan ne Najeriya ta wuce ta doke Birazil da Ajantina ta ɗauki zinare.

Taura biyu a baki guda

Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa, amma Campos ya ɗauki shekaru yana gwada tauna su. A Atlante ya ci Cruz Azul wata ƙwallo da ya tashi sama ya buga da salon almakashi, wadda har yanzu ake nunawa a ƙasarsu. Da aka buɗe sabuwar gasar ƙwallon Amurka a 1996, masu shirya ta sun san cewa akwai miliyoyin 'yan asalin Meziko a yankin Los Anjalis, sai suka kawo shi ƙungiyar Galaxy domin ya jawo musu 'yan kallo. Lissafinsu bai faɗi ba, domin a wasan farko na gida mutane sama da 69,000 suka shiga filin Rose Bowl.

A wannan fili ne ya yi abin da ba kasafai ake gani ba. Ranar 16 ga watan Yuni na 1996 ya tsare wa Meziko gida a wasanta da Amurka, aka tashi 2 da 2, sannan ya canza riga ya buga wa Galaxy wasanta da Tampa Bay a wannan rana, a wannan fili.

Amma yawan yawo yana da farashinsa. Shekaru yana raba ƙafa tsakanin gasar Amurka da ta Meziko, ba hutu. A Cruz Azul, wadda ta ɗauki kofi a ƙarshen 1997, wani gajeren gola, Óscar Pérez, shi ne na ɗaya. A Chicago Fire a 1998 ma wani matashi, Zach Thornton, ya riƙe gurbin. Kuma duk da sunan da ya yi, Campos bai taɓa buga wa wata ƙungiyar Turai wasa ba.

A gasar cin kofin duniya ta 1998 a Faransa shi ne dai a raga. Meziko ta ci Koriya ta Kudu 3 da 1, ta yi 2 da 2 da Beljiyam, ta sake yin 2 da 2 da Holan, a duka wasannin uku sai da aka fara cin ta kafin ta farfaɗo. A zagaye na biyu ita ce ta fara cin Jamus ta ƙafar Luis Hernández, amma Jürgen Klinsmann ya rama, sannan saura 'yan mintoci a tashi Oliver Bierhoff ya tashi sama ya sa ƙwallo da ka.

Shekarar baƙin ciki da farin ciki

A watan Fabrairu na 1999, yana Hong Kong tare da tawagar ƙasa, sai labari ya iske shi cewa 'yan bindiga sun sace mahaifinsa a Akapulko. Ya baro tawagar ya dawo gida, kuma sai bayan kusan mako guda aka sako dattijon da ransa. Masu karatunmu da suke bin hanyoyin da ake tare mutane, da waɗanda aka taɓa kira a waya a kan ɗan uwa, ba sai mun yi musu bayanin irin waɗannan kwanaki ba. Sunan da ɗan ya yi ne ya jawo idon miyagu kan uban.

Bayan wata shida da wannan tashin hankali sai ya samu babban kofinsa. Ranar 4 ga watan Agusta na 1999, a filin Azteca da ke birnin Meziko, ƙasarsa ta doke Birazil mai matashi Ronaldinho da ci 4 da 3 a wasan ƙarshe na kofin zakarun nahiyoyi, Campos yana raga. Wannan ne babban kofin FIFA na farko da babbar tawagar ƙasar ta ɗauka.

Daga nan rana ta fara yin yamma. Ya je gasar 2002 a Koriya da Japan, amma a benci ya zauna, Óscar Pérez ya tsare gida. Ya yi wasa a Tigres, ya koma Atlante da Pumas, ya ƙare a Puebla, inda ya rataye safar hannunsa a 2004. Ya zama mataimakin mai horaswa Ricardo La Volpe, aka je gasar 2006 a Jamus da shi, gasar da Angola ta riƙe Meziko babu ci. Daga baya ya koma sharhin wasanni a gidan talabijin na TV Azteca, inda barkwancinsa ya samo masa sabbin masoya a cikin yaran da ba su taɓa ganin wasansa ba.

Abin da ya bari

Meziko ƙasa ce da ta saba fitar da gololi. Kafin Campos akwai Antonio Carbajal, mutum na farko da ya buga gasar cin kofin duniya sau biyar, daga 1950 zuwa 1966, wanda ya rasu a 2023 yana da shekara 93. Bayansa kuma akwai Guillermo Ochoa, wanda 'yan Kamaru ba za su manta da shi ba, domin shi ne a raga ranar da Meziko ta ci su 1 da nema a 2014, kwana huɗu kafin ya hana Neymar da Birazil cin ko ɗaya a gidansu. A tsakanin waɗannan biyu, Campos ne ya canza tunanin mutane a kan abin da gola zai iya yi da ƙafarsa.

Abin da ake kallo a zamaninsa kamar ganganci, shi da René Higuita na Kolombiya, yanzu shi ne sharaɗin ɗaukar gola aiki. Manuel Neuer na Jamus, da Ederson na Birazil, da André Onana na Kamaru, duk an yabe su ne a kan fitowa daga gida da iya raba ƙwallo. Bambancin kawai shi ne su dogaye ne, wanda ya fi gajarta a cikinsu ya ba Campos kusan taƙi guda. Wato kasuwar ta karɓi salonsa, amma ta rufe ƙofa ga masu irin jikinsa. Yau idan yaro mai tsawon Campos ya je makarantar horar da 'yan wasa ya ce shi gola ne, da wuya a bar shi ya sa safar hannu kafin a auna shi a sallame shi.

Wannan shi ne abin da muke so masu riƙe da ƙananan ƙungiyoyi a garuruwanmu su yi tunani a kai, musamman 'yan kasuwar da suke cire kuɗi daga aljihunsu su saya wa yaran unguwa riguna da ƙwallo. Da Mejía Barón ya tsaya a kan awon tsawo, ko ya ce gola ba ya wasa a gaba, da yaron Akapulko ya gaji da benci ya koma bakin teku. Gajere dai ba yaro ba ne. Idan musun nan ya sake tasowa a teburin mai shayi, sai a tambayi masu cewa gajere ba ya tsaron gida, wa ya tsaya a ragar Meziko ranar da ta doke Birazil a 1999.